Aikin Hannu Don Biki: Abin Da Za Ki Haɗa A Gida Da Yadda Za Ki Gama Shi Kafin Rana

Da zarar an sa rana, amarya da ƙawayenta sukan fara tara hotuna a waya. Ga jakar rabo ta atamfa, ga mafici mai duwatsu, ga 'yan kwalaben turaren wuta da sunan ango da amarya, ga labulen da za a kafa a bayan kujera ranar kamu. Kowanne aka kalla sai a ce, ai wannan mu ma za mu iya. Kuma gaskiya ne, guda ɗaya ba ya ba kowa wuya. Wahalar tana cikin yawan. Bikin Bauchi guda ɗari biyu ake yi masa ko fiye, kuma dole a gama kafin ranar da ba za ta matsa don kowa ba.

Saboda haka kafin ki shiga kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa da kuɗi masu yawa, ki sayo kayan da za su isa guda uku kacal. Ki yi na farko don koyo. Na biyu ki yi shi da agogo a gabanki, tun daga yanka har ƙulle bakin zare. A ce jaka ɗaya ta ci miki minti 12. Guda 200 minti 2,400 ke nan, wato awa 40 cur. In awa biyu kike samu a rana bayan aiki ko makaranta da hidimar gida, kwana 20 ke nan babu fashi, ban da ranar da mata za su cika gida ganin lefe, ban da ranar da za a ɗauke wuta tun safe. Wannan lissafin shi zai gaya miki ko aikin naki ne ke kaɗai, ko na mutum biyar ne, ko kuwa na tela ne.

Haka za ki yi wa kuɗi. Ki fitar da abin da guda ɗaya ya ci, ki ninka da adadin da kike so, ki ɗora kashi 10 cikin 100 na abin da zai lalace a hannu, sannan ki haɗa da ƙananan abubuwan da ake mantawa: zare, gam, kuɗin Keke zuwa kasuwa sau uku ko huɗu, man janareta, abincin masu taya aiki. Sai ki tambayi farashin irinsa a wajen mai sayarwa da yawa. In rarar da za ki samu ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ki saya kawai ki huta, sai fa in abin yana da wata daraja a zuciyarki da ta wuce kuɗi. Wajen adadi kuwa, kin san taron mata: wadda aka gayyata tana zuwa da ƙanwarta da maƙwabciyarta. In kin ƙirga mutum 160, ki yi 200.

Shawararmu ita ce ki tsaya a kan abu biyu, in ya yi yawa uku. Kuma ki jera su bisa halinsu. Abin da yake ƙara kyau in ya kwana biyu, kamar turaren wuta, shi ne na farko, mako takwas kafin biki. Abin da ba ya lalacewa, kamar ɗinki da adon faifai, ya biyo baya tsakanin mako na shida da na uku. Abin da yake da alaƙa da abinci sai jajiberi. Amarya kuma ta janye hannunta daga kowane aiki kwana goma kafin a fara shagali, domin lokacin dilka da halawa ne, kuma ƙunar gam a yatsa ko fenti a ƙarƙashin farce ba sa ɓoyuwa ranar sa lalle.

Turaren wuta

A cikin duk abin da ake haɗawa a gida, wannan ne ya fi biyan wahalarsa. Ana son sa, ba ya cin wuri, kuma kilo ɗaya yana isar mutane da yawa. Shi ne kuma wanda ƙaramin kuskure kan ɓata tukunya guda, don haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Ga awon kwaɓi ɗaya: icen turare kilo 1 (sandal, hawi, gabgab, ko a haɗa biyu, wasu sukan ƙara ɗan kajiji), sukari rabin kilo, ruwa kofi ɗaya na mil 250, madarar turare mil 150 zuwa 200, da garin miski ko na jawul cokali biyu in ana so. Wannan zai ba ki kilo ɗaya da rabi da ɗoriya. In kwalbar rabonki mai cin giram 30 ce, kin sami wajen 50. Mai son kwalba 100 ta yi kwaɓi biyu daban-daban. Kada a haɗa kilo biyu a tukunya ɗaya, domin ruwan sukari yana daskarewa da sauri, kafin ki juya na ƙasa na sama ya riga ya dunƙule.

Wajen sayen icen, ki roƙi mai shago ya ba ki ɗan tsinke ki ɗora a garwashi. Icen da aka fesa wa turare don ya ja mai saye yana ƙamshi a hannu, amma a wuta hayaƙin itacen girki yake yi. In kin kawo gida ki sa a farfasa shi ya zama kamar gaɓar yatsa, ki tankaɗe ƙura da rariya, ki shanya a inuwa yini guda. Daga nan ki zuba masa rabin madarar turaren, ki cakuɗa, ki rufe a kwalba ko tukunya mai murfi kwana uku zuwa biyar don ya sha.

Ranar dahuwa ki nemi tukunya mai kaurin gindi da muciyar da ba za su sake komawa girki ba, domin ƙamshin ba ya fita. Ki zuba sukari da ruwa, wuta matsakaiciya, ki juya har sukarin ya narke, sannan ki bar shi ya tafasa. Ga yadda za ki gane ya yi: ki ɗigo kaɗan a kan faranti, ki jira ya huce, ki taɓa da babban yatsa da manuni ki buɗe. In ya ja zare siriri bai tsinke nan take ba, ya yi. In kamar ruwa yake, da saura. In ya fara komawa ruwan ƙasa yana warin ƙonewa, ya wuce, ki zubar ki sake. Asarar rabin kilon sukari ta fi asarar kilon sandal sauƙi nesa ba kusa ba.

Da ya kai, ki rage wuta sosai, ki juye icen gaba ɗaya, ki yi ta juyawa ba tsayawa har ki ga kowane tsinke ya sha sukari kuma gindin tukunya ya bushe. Minti biyar zuwa takwas ne. Ki sauke, ki matsa nesa da murhu, ki barbaɗa miskin, ki baza a babban tire. Sai ya koma ɗumi-ɗumi za ki zuba sauran madarar turaren. In kin zuba da zafinsa, ƙamshin zai tashi ya cika gidan a ranar, kwalba kuma ta tashi fanko. Turaren feshi kuwa kada ya kusanci murhu ko kaɗan, akwai sinadari mai kama wuta a cikinsa. A kuma kori yara daga wajen, ƙunar ruwan sukari ta fi ta tafasasshen ruwa muni saboda yana manne wa fata.

Wasu sukan matsa rabin lemon tsami a ruwan sukarin. Yana sa turaren ya yi sheƙi, ya hana sukarin yin gari-gari. Da hunturu ko bazara hakan yana da kyau. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, irin wannan sukarin yana jan laima, sai ki buɗe kwalba ki tarar ya jiƙe ya cure, wani lokaci har da fumfuna. In bikin na damina ne ki bar lemon, ki kuma tabbatar turaren ya huce sarai kafin ki rufe, domin tururin da ya maƙale a murfi shi ne mafarin fumfuna.

Ki adana shi a babbar kwalbar gilashi mai murfi gam, a wuri mai duhu, mako uku zuwa huɗu, kina girgizawa duk bayan kwana uku. Roba marar kauri ba ta dace ba, man turare yana cin ta, ita kuma tana ba shi warinta. Kafin ki ɗura a ƙananan kwalabe ki gwada a kasko, a kan garwashin da aka ɗan yayyafa wa toka. In hayaƙin fari ne mai tashi a hankali, alhamdulillahi. In baƙi ne da ƙaurin sukari, sukarin ya yi yawa, sai ki gauraya shi da busasshen icen da ya sha turare, kashi ɗaya cikin huɗu, ki sake rufewa mako guda.

Humra daban ce. Gyaran farcen humra kaɗai, wato ɓawon wata halittar ruwa da ake sa mata, wankinsa da suyarsa har ƙarninsa ya fita, sana'a ce mai zaman kanta, kuma kayanta suna da tsada. Wadda ba ta taɓa yi ba kada ta fara koyo da na bikinta. Ta ba wa masu yi.

Jakar rabo ta atamfa

Turmi yadi shida ne, inci 216 a tsawo, faɗinsa kuma wajen inci 46. Ki yanka kwali mai inci 9 da inci 22 ya zama ma'auninki. A faɗin atamfar za ki fitar da guda biyar, a tsawonta layi tara, jimla 45, da ragowar inci 18. Jaka 200 na buƙatar turmi biyar, har ki sami rarar 25. Ki fara auna faɗin taki kafin ki sa almakashi, domin wasu masu araha ba sa kaiwa, in haka ne sai ki rage ma'aunin zuwa inci 8 da rabi. Ki zaɓi zane mai ƙananan furanni wanda ba shi da sama da ƙasa. Tun da ninke yadin za a yi biyu, zane mai tsuntsu ko tulu zai fito a kife a ɓangare ɗaya.

A goge atamfar kafin yanka, a zana layi da alli, a ninka ta a riƙa yanka huɗu-huɗu da almakashi mai kaifi. Ɗinkin kansa kamar na ƙubakar wando ne. A kowane gajeren baki a kalmasa rabin inci, a sake kalmasa inci ɗaya, a ɗinke, ƙubaka biyu ke nan. Sai a ninka yadin biyu fuskarsa tana ciki, a ɗinke gefe da gefe daga ƙasa zuwa sama da cin rabin inci, a tsaya daidai ƙarƙashin ƙubakar, a koma baya sau biyu don ya riƙe. Nan ne kuskure ya fi faruwa. Mai ɗinki in hannu ya saba sai ta zarce har sama ta toshe hanyar zariya, kuma ba za a lura ba sai an yi talatin. In ana so bakin yadin kada ya zazzare, a kai wa mai keken wibin tun kafin a haɗa gefen. Jakar za ta fito kusan inci 8 da inci 9 da rabi, ta isa kwalbar turare da sabulu da ɗan hankici.

Zariya ɗaya mai inci 24 ta isa kowace jaka, a zura ta da fil mai rufewa ta bi ƙubaka biyun ta dawo, a ƙulle. Na jaka 200 yadi 133 ne da 'yan kai, ki sayi 140. In ribon ne ko igiyar leda, a ɗan taɓa bakinta da wutar ashana don kada ta warware.

Kada mutum ɗaya ya riƙa yin jaka daga farko har ƙarshe. A raba aikin: wata yanka, wata ƙubaka, wata gefe, yara 'yanmata juyawa da zura zariya. Ta haka minti 12 kan dawo bakwai ko takwas. In tela za a ba wa, a tuna cewa watan Sha'aban da makonnin gab da Sallah teloli ba sa ɗaga kai, kuma ƙaramin aiki irin wannan shi suke turawa ƙarshe. A kai masa da wuri, a yanke, a ƙirge, a kuma rubuta adadin a gabansa. Yana da kyau tun ranar da aka kai ɗinkin anko a ce masa ya tara ƙyallayen a leda guda, domin da su za a yi wa faifai da mafici baki.

Faifai, mafici da ƙwarya

Waɗannan namu ne, kuma sun fi furen roba dacewa da kamu da sa lalle. A kasuwannin ƙauye na mako-mako aka fi samun su da sauƙi, amma mai son guda 50 masu girma ɗaya gara ta ba masu saƙa aiki wata guda kafin lokaci. Kafin ki saya da yawa ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin mai launi. In rinin ya fito a ƙyallen, zai fito a tafin mai gumi, ya kuma fito a farin leshi.

Faifai mai faɗin inci 12 kewayensa kusan inci 38 ne, don haka ki yanka bayas ko ƙyallen anko inci 40. In ƙyalle ne a yanka shi a karkace, faɗin inci biyu, domin wanda aka yanka a miƙe ba ya bin da'ira, tattarewa yake yi. Ɗinke bakin da basilla da zare mai ƙarfi ya fi liƙawa daɗewa. In gam za a sa, a san halin kowanne. Gam ɗin da ake narkawa da bindiga yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, amma zafin Maris da Afrilu na Bauchi yana sassauta shi, musamman in kayan sun yini a but ɗin mota, sai a buɗe a ga duwatsu sun zube a gindin kwali. Farin gam irin Top Bond yana da kyau ga takarda da yadi, amma yana son awoyi kafin ya bushe, kuma ba ya riƙe dutse ko roba. Duwatsun ado gam mai ruwan gilashi irin B-7000 suke so, ɗigo kaɗan, a bar su kwana guda ba a taɓa ba. In an ɗauke wuta kada a ce za a narka sandar gam a kan kyandir. Hayaƙi zai baƙanta shi, yatsu kuma su sha ƙuna. Bindigar gam ba ta cin wuta sosai, ƙaramin janareta yana ɗaukarta. A ajiye kwanon ruwan sanyi kusa da mai riƙe da ita.

Ƙwarya a kankare cikinta, a wanke, a shanya kwana biyu a rana har ta bushe ƙarau, a duba ko akwai 'yan ƙananan ramukan ƙwari. In fentin feshi za a yi, a yi a fili inda iska ba ta kaɗawa, gwangwani yana nesa da kamar taƙi ɗaya da rabi, shafi biyu ko uku marasa kauri da hutun minti 15 a tsakani. Shafi ɗaya mai kauri zuba yake yi ya bar sawu kamar hawaye. Da hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, sai a kifa babban kwali a kai da an gama feshi. Ƙwaryar da ta sha fenti ta ado ce kawai, kada a zuba mata fura ko nono.

Labulen bayan amarya

In a zauren taro za a yi, masu adon wuri su yi abinsu. Na tsakar gida, na kamu ko wuni, shi ne za a iya kafawa da hannu. Mai ƙafa 8 a tsaye da ƙafa 8 a kwance ya isa kujerar amarya da ƙawaye biyu a hoto.

A je wajen masu kayan famfo a yanko bututun roba mai kauri na inci ɗaya da rabi, guda uku masu ƙafa 8, da gwiwa biyu ta haɗa kusurwa. Na inci ɗaya ko marar kauri yana lanƙwashewa a tsakiya da an rataya yadi. Gindinsa bokitin fenti biyu ne. A tsayar da guntun bututu na inci 2, tsawon ƙafa ɗaya da rabi, a tsakiyar kowane bokiti, a zuba kwaɓaɓɓen siminti, a bar shi kwana uku. Ƙafafun za su riƙa shiga cikin guntayen suna fita. Kada a sa gam a mahaɗa, don a iya warwarewa a ɗauka a Keke.

Yadi sai ya ninka faɗin wurin sau biyu zuwa biyu da rabi kafin ya yi tattara mai kyau. Da yadi mai faɗin inci 60, falle huɗu ake so, kowanne yadi uku, jimla yadi 12. A yi wa kowane falle ƙubaka mai faɗin inci 4 a sama don bututun ya wuce. In yadin mai nauyi ne a ƙara ƙafa ta uku a tsakiya da mahaɗa mai baki uku. Faifai da ƙananan ƙore a rataye su da siririyar igiya daga bututun sama. In aka maƙala su a jikin yadin da fil, nauyinsu zai ja shi ya yage.

Abu biyu ke kayar da wannan aiki. Na farko iska. Labule a fili kamar tutar jirgi yake, musamman da yammacin farkon damina lokacin da hadari kan taso ba sallama. A jingina shi da bango, a ɗaure kusurwoyin sama da ƙarfen taga ko ƙusa, a kuma sa 'yan tsakuwa a kalmasar ƙasa. Na biyu rana. Kwana biyu ko uku kafin biki, a daidai lokacin da za a zauna, galibi bayan la'asar, a je a tsaya a wurin a ɗauki hoto da waya. In rana tana bayan labulen fuskar amarya za ta yi duhu, in kuma tana dukan fuskarta za ta yi ta runtse ido kwalliya tana narkewa. Bangon da inuwa ta riga ta rufe shi ake nema. A kafa komai gaba ɗaya sau ɗaya mako biyu kafin rana, don in wani abu bai zauna ba a sami lokacin komawa kasuwa.

Takardar suna

Katin gayyata na maɗaba'a ne. Abin da za a iya yi da kai shi ne 'yar takardar da ake liƙa wa kwalba da jaka. Mai santimita 6 da 4 da rabi tana fita 18 a takardar A4, wato takarda 12 ta ba da 216. A buga da injin da ke aiki da garin tawada, irin na masu hoton takardu, domin tawadar ruwa tana zuba da hannu mai gumi ya taɓa. A goge jikin kwalba tas kafin liƙawa, tun da man turare yana kashe gam yana kuma ɓata takarda, ko a liƙa a kan murfi. Mutum biyu daban su karanta sunaye da kwanan wata kafin a buga, a kuma duba kalanda a ga ranar ta dace da kwanan watan. Kada a sa aya ko Bismillah a kan abin da aka san ƙarshensa shara ne.

Gara da lefe

Naɗe tiren gara da leda mai garai-garai aikin jajiberi ne. Cincin da dubulan su huce sarai tukuna, in ba haka ba gumi zai taru a cikin leda su yi laushi. Alkaki yana kiran kiyashi, sai a ɗora tiren a kan tebur, a tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa. Babban abin kiyayewa shi ne kada kayan gara su kwana ɗaki ɗaya da turaren wuta ko sabulu. Abu mai mai yana shan ƙamshi, cincin ɗin da ya kwana kusa da sandal ba ya ciwuwa. Dangin ango masu shirya lefe su ma su kula: turare da man shafawa a leda mai ƙulli, a akwatinsu daban, domin kwalba ɗaya da ta tsiyaya a kan leshi ta gama da shi. Ado a ɗaura shi da ribon, kada a liƙa gam a jikin akwatin da amarya za ta yi shekaru tana amfani da shi.

Ko da yake lalle ba cikin kayan rabo yake ba, ƙawaye da yawa sukan ce za su kwaɓa da kansu. Jan lalle na ganye da ruwan lemon tsami da ɗan sukari ba shi da matsala ga yawancin mutane. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi kuwa yana iya tayar da ƙuraje da ƙuna har ya bar tabo. Duk wadda za a yi wa shi ta gwada ɗigo a cikin hannu kwana biyu kafin nan, in ya yi ƙaiƙayi ko ja ta haƙura da shi.

Masu taya aiki da masu riƙe kaya

Gayya tana tafiya daidai in an faɗa wa kowa abin da zai yi da ranar da zai yi shi. "Ku zo ku taya mu aiki" ba ya kawo kowa. Abin da ke kawo mutum shi ne, "Anti, don Allah ranar Asabar bayan azahar ki zo mana da kekenki, ƙubakar jaka 60 ce ta rage." A ajiye samfur ɗaya da aka gama a tsakiyar tabarma don kowa ya riƙa kwatantawa, in ba haka ba za a tashi da jaka iri biyar. A kuma duba goman farko na kowace mai aiki, cikin lumana, kafin ta yi nisa.

Abin da aka gama a zuba a kwali, 25 a kowanne, a liƙe, a rubuta abin da ke ciki da taron da za a kai shi: na kamu, na wuni, na walima. A ɗora a kan benci ko tebur saboda laima da gara, nesa da taga saboda rana tana cin launin atamfa. Makullin ɗakin ya zauna a hannun mutum ɗaya da ake jin nauyinta, gwaggo ko inna, wadda za ta iya cewa a'a ga mai neman "guda biyu kawai" tun kafin biki. Amarya da mahaifiyarta ba za su iya wannan ba, kunya ba za ta bar su ba. Ita gwaggon a ba ta 'yanmata biyu masu rabo, su tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, domin rabo a tsakiyar taro yana jawo a yi wa mai kwali rubdugu, wasu su sami uku wasu su tafi hannu rabbana.

A haɗa mata kuma ƙaramar jaka ta ko-ta-kwana: almakashi, allura da zare fari da baƙi, fil dozin biyu, selotef, igiya yadi goma, ashana da gawayi kaɗan don kaskon turare. Kwali ɗaya na 25 kuma a ware shi tun farko, a rubuta masa suna a kai shi wani ɗaki dabam, kada ya fita ko da an ce kaya sun ƙare a wajen wuni. Na dangin ango ne da za a tarar ranar kai amarya da buɗar kai.